Hanyar bakin teku da ƙasar da aka tarar a wurin

Bari mu fara da lissafi, domin a cikinsa tushen maganar yake. Ɗauki hanya mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 7. Idan za a shimfiɗa mata fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 bayan an daɓe, ana bukatar kubik mita 1,050, wato kusan tan 2,200. Tifa mai ɗaukar tan 20 sai ta yi sawu 110 kafin ta kawo wannan. Galibin hanyoyi shimfiɗa biyu ake yi musu a ƙarƙashin kwalta, ka ga sawu 220 ke nan. To, a ce wurin fasa dutse mafi kusa yana da nisan kilomita 100. Zuwa da dawowa kilomita 200, sau 220, ya ba da kilomita 44,000. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai. Ashe kafin a gama kilomita guda, tifofi sun zagaye duniya har sun ɗora, suna ƙona dizal, suna cinye tayoyi, suna kuma ragargaza tsofaffin hanyoyin da suke bi.

Nisan kilomita 100 kuwa ba zuzutawa ba ne idan ana maganar gaɓar teku. Yawancin filayen da ke bakin teku ruwa ne ya gina su. Koguna sun shafe dubban shekaru suna kwaso yashi da laka daga tuddai suna jibgewa inda gudunsu ya mutu, teku kuma tana turo nata rairayin. Dutse yana can ƙasa da nisa, ko can baya cikin tudu. Haka abin yake a mafi yawan Bangaladash, da bakin kogin Mekong a Biyetnam, da kudancin Luwiziyana a Amurka, da Holan, da dogon yankin rairayi na kudancin Mozambik. A irin waɗannan wurare, kuɗin ɗauko dutse yakan zarce kuɗin dutsen kansa. Shi ya sa ƙauyukan masunta da manoman gaɓa sukan zauna shekara da shekaru ba hanya: duk lokacin da aka buga lissafi, sai a ga yawan motocin da za su bi bai kai a kashe wannan kuɗi ba, a naɗe takarda a ajiye.

Yanzu sake lissafin ta wata fuskar. Idan yashin da ke wurin za a yi amfani da shi, a gauraya shi da siminti kashi 5 cikin 100, shimfiɗa ɗaya ta kilomita guda za ta ci siminti wajen tan 100. Sawu biyar ke nan a maimakon 110. Nan arahar take, ba a wani wuri ba. Sai dai abin da aka rage a jigila ba duka yake zama riba ba. Dole a mayar da wani kaso cikinsa ga gwajin ƙasa, da sa ido, da sarrafa ruwa. Wanda ya cinye wannan kason ya ce ya yi tsimi, shi ne yake jawo wa ƙasar wuri baƙin suna, har mutane su riƙa cewa araha ba ta ado.

Tun farkon ƙarni na 19 John McAdam, ɗan Sikotland wanda ya sauya yadda ake gina hanyoyi a Birtaniya, ya riƙe ra'ayin cewa ƙasar asali ce take ɗaukar nauyin abin da ke tafiya a kanta, kuma muddin an tsare ta daga jiƙa za ta ɗauki nauyin ba tare da ta nutse ba. Aikin abin da aka shimfiɗa a sama shi ne ya rarraba nauyin taya, ya kuma zama rufi. Ilimi ya ci gaba ƙwarai tun lokacin, amma wannan magana ba ta tsufa ba, kuma a bakin teku ne ake ganin gaskiyarta da wahalarta a lokaci guda.

Me ake tararwa a gaɓa? Na farko rairayi. Kowa ya san yadda busasshen rairayi yake cin ƙafa, amma da an matsa kusa da ruwa, inda igiya ta janye ta bar shi da danshi, sai ya yi tauri har mota ta iya bi. Yashi ɗaya ne, bambancin shi ne ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ya riƙe su wuri guda. Wannan ya nuna cewa ƙwayar yashi ba ta rasa ƙarfi ba, abin riƙewa ta rasa. Igiyar ruwa da iska sun tace shi har ƙwayoyinsa sun zama kusan girma ɗaya, sun kuma goge masa kaifi ya zama mulmulalle. Ƙwayoyi masu girma ɗaya ba sa cike gurbin juna, saboda haka da taya ta danna sai su zame gefe. Ƙasar da injiniya ke so ita ce mai haɗin girma daban-daban, ƙanana su shige tsakanin manya, ƙura ta shige tsakanin ƙanana, har su kulle.

Na biyu yumɓu. Shi kuma akasin yashi ne: yana da danƙo, idan ya bushe ya yi tauri kamar bulo, idan ya sha ruwa ya kumbura ya zama taɓo, idan ya sake bushewa ya tsuke ya dare. Dabara mafi tsufa kuma mafi sauƙi ita ce a haɗa su biyun, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Yashi ya zama ƙashi, yumɓu ya zama abin ɗauri. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, jihohin kudu maso gabashin Amurka, musamman Karolina ta Kudu, sun gina hanyoyi masu yawa da wannan haɗi, saboda filayensu na gaɓa ba su da dutse. Sirrin yana cikin awo. Yumɓun da ake so shi ne daidai wanda zai cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ba tare da ya raba su da juna ba. Idan ya yi kaɗan, hanya ta warware da rani. Idan ya yi yawa, ƙwayoyin yashi su koma suna iyo a cikinsa, hanya ta zama santsi da damina. Sau da yawa ma Allah ya riga ya haɗa: a bayan tuddan rairayi akan samu jan yashi wanda ƙwayoyinsa ke lulluɓe da ɗan yumɓu da tsatsar ƙarfe, kuma irin wannan yakan daɓu ya yi ƙarfi fiye da farin rairayin bakin ruwa nesa ba kusa ba. Mai neman ƙasar hanya, jan launi alama ce da ya kamata ta tsayar da shi ya haƙa ya gwada.

Akwai kuma abubuwan da teku ta haifa da kanta. A Fulorida, farin dutse mai laushi da ake haƙowa kusa da saman ƙasa shi ne tushen hanyoyi da yawa. A Luwiziyana an daɗe ana shimfiɗa ɓawon katantanwar ruwa. A tsibiran tekun Fasifik lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Amurka sun gina filayen jiragen sama da dakakken dutsen murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke ginawa a cikin ruwa. Waɗannan duka suna da wata baiwa: idan aka jiƙa su aka daɓe, sukan ɗan kama jikinsu da kansu yayin da suke bushewa. Bangaladash, da ta rasa dutse, sai ta ƙera nata: ana gasa yumɓu ya zama jan bulo, a farfasa shi a yi tsakuwa, ko a jera bulon a gicciye a kan yashi ya zama hanyar ƙauye. Dabara ce mai aiki, ko da yake ta ci ƙasar noma mai yawa, hayaƙin wuraren gashin kuma ya zama babbar matsala ga iskar da mutane ke shaƙa.

Idan haɗin ƙasa da ƙasa bai isa ba, sai a ƙara abin ɗauri daga masana'anta, kuma kowace ƙasa da maganinta. Siminti ya fi dacewa da yashi da tsakuwa. Tun 1935 aka gina wani yanki na hanya da haɗin ƙasa da siminti kusa da Johnsonville a Karolina ta Kudu, kuma daga nan dabarar ta bazu. Amma tataccen rairayin bakin ruwa mayunwaci ne: gurbinsa yana da yawa, yakan ci siminti har ninkin abin da ƙasa mai haɗin girma za ta ci, sai arahar ta gudu. Shi ya sa mai hankali yakan fara gyara yashin da 'yar ƙasa mai laushi kafin ya zuba siminti. Yawan siminti ma ba alheri ba ne. Shimfiɗar da ta yi tauri da yawa takan tsuke ta tsage, tsagar ta huda kwalta ta fito sama, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan ruwa ne.

Yumɓu kuwa layim yake so, wato garin farin dutse da aka ƙona aka kashe da ruwa. Cikin sa'o'i kaɗan yakan kashe danƙon yumɓu, ya mayar da taɓon da ke maƙale wa tayar gireda ya zama ƙasa mai wargajewa da za a iya bajewa. Bayan haka, cikin makonni da watanni, yana narkar da wasu sinadaran yumɓun su zama abin ɗauri mai kama da siminti. A zuba layim a kan tsantsar yashi, asara ce, ba shi da abin da zai yi aiki a kai. Sai kwalta, wadda ake damawa da ruwa a gauraya da yashi ba tare da an dafa ta ba, ko a sa ta yi kumfa. Ita ba ta bayar da tauri irin na siminti, amma tana da sassauci kuma tana hana ruwa shiga, abubuwa biyu masu daraja a kan ƙasa mai motsi. A lardin Inhambane na Mozambik an gwada irin wannan haɗi na yashi da kwalta a hanyoyin karkara. Akwai ma dabarar da ba ta bukatar abin ɗauri ko kaɗan: raga ce ta roba mai gidaje kamar saƙar zuma, a baje ta a cika da yashi, kowane gida ya hana nasa yashin zamewa. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970, suna neman yadda manyan motoci za su haye rairayin bakin teku.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar ruwa, kuma a nan nake so in daɗe.

A tudu, ruwa daga sama yake zuwa, saboda haka rufi mai kyau da magudana sun kusa wadatarwa. A gaɓa ruwa ta ko'ina yake zuwa. Yana saukowa daga sama. Yana shigowa ta gefe idan teku ta cika ko guguwa ta turo ta. Yana kuma tasowa daga ƙasa, kuma wannan ne mafi sharri domin ba a ganinsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a filayen gaɓa yakan kasance bai kai mita guda ba daga sama, yana hawa yana sauka tare da cikar teku da janyewarta. Daga nan ƙasa takan tsotso shi sama kamar yadda lagwani ke jan mai. A yashi mai manyan ƙwayoyi tsotson bai wuce 'yan santimita ba. A ƙasa mai laushi kamar gari yakan haura mita guda har fiye. Ƙasar da ta ɗauki nauyi da kyau tana bushe takan rasa rabin ƙarfinta ko fiye idan ta jiƙe sharkaf. Saboda haka hanya za ta iya lalacewa daga ƙasa alhali kwaltarta ba ta da ko tsaga ɗaya.

Maganin farko shi ne ɗaga hanya. A jagororin gina hanyoyin da motoci ba su da yawa a kansu, akan so tsakiyar hanya ya ɗara gindin magudanar gefe da aƙalla santimita 75. Ga shi kuwa a nan rairayin da aka raina yana da babban amfani: shimfiɗar yashi mai tsabta a ƙarƙashin hanya takan yanke tsotson ruwa, domin gurbinsa ya yi faɗin da ruwa ba ya iya hawa. Na biyu, a rufe kafaɗun hanya, wato gefunanta biyu da ke wajen inda motoci ke bi, da kwalta. Danshi yakan kutso daga gefe wajen mita guda da damina, kuma idan kafaɗa a buɗe take, jiƙar takan kai daidai inda tayar waje ke takawa. Idan aka rufe kafaɗa, an tura jiƙar waje, taya tana tafiya a kan busasshiyar ƙasa. Ƙarin kwalta mita ɗaya a kowane gefe ya fi sauƙi a kan a sauya dukan ƙasar da dutse.

Amma ɗaga hanya yana da nasa haɗarin, har guda biyu. Ciko nauyi ne, kuma laka mai taushi da ke bakin koguna cike take da ruwa. Idan aka ɗora mata nauyi, ruwan yakan fita a hankali, ƙasa ta riƙa lotsawa shekara bayan shekara. Tsibirin da aka gina filin jirgin saman Kansai a Japan, wanda aka buɗe a 1994, ya nutse fiye da mita 10 tun da aka fara cikonsa, duk da kuɗi da gwanintar da aka zuba. Ƙaramar hanya ba za ta kai haka ba, amma ka'idar ɗaya ce. Idan kuma aka yi gaggawar jibga ciko, lakar takan tsinke ta ɓullo gefe, cikon ya rufta. Masu kuɗi sukan soka bututun tsane ruwa cikin lakar don a gaggauta lotsawar, dabarar da aka fara a Suwidin a ƙarshen shekarun 1930. Marasa kuɗi suna da abin da ya fi wannan araha, wato lokaci. A yi ciko kaɗan-kaɗan, a bar shi ya kwana damina ɗaya ko biyu motoci suna bi a matsayin hanyar burji, a auna lotsawarsa, sai ya natsu a zuba kwalta. A ƙarƙashinsa a shimfiɗa yadin roba mai ƙarfi, ko saƙar gora ko rassan itace kamar yadda mutanen Holan da na kudu maso gabashin Asiya suka daɗe suna yi, don kada ciko ya cakuɗe da taɓo. Itacen da ke nutse cikin ruwa dindindin ba ya saurin ruɓewa. Abin takaici, haƙurin damina biyu ya fi wuyar samu a kan kuɗi, domin mai ba da aiki yana so ya ga baƙar kwalta kafin wa'adinsa ya cika.

Haɗari na biyu shi ne hanyar da aka ɗaga ta zama madatsa. Fili shimfiɗaɗɗe ruwansa ba ya bin rafi ɗaya, yakan bazu ne ya gangara teku a hankali. A gitta masa ciko ba isassun kwalbatoci, sai gonaki da gidajen da ke bayan hanya su cika da ambaliya, fadamun da ke rayuwa da shigar ruwan teku da fitarsa kuma su mutu. Akwai wuraren da ya fi hikima a saukar da wani yanki na hanya da gangan, a yi masa daɓen kankare, a bar ambaliya ta haye ta wuce na 'yan sa'o'i, a maimakon a yi ja-in-ja da ita ta ɓalle cikon gaba ɗaya. Dole kuma a sa a rai cewa teku tana tasowa. Tsakanin 1901 da 2018 ta ƙaru da kusan santimita 20, kuma saurin tashin yana ƙaruwa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana biye da ita, har cikin tudu inda igiya ba ta kaiwa. Tsayin da ya ishi hanya yau ba lallai ya ishe ta bayan shekara 20 ba.

Sai gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Idan ƙasar hanya ko ruwan da aka daɓe ta da shi yana da gishiri, rana takan jawo danshin sama, ruwan ya tashi, gishirin ya daskare a ƙarƙashin siririyar kwalta. Ƙwayoyinsa suna girma suna ɗaga kwaltar, ta yi ƙuraje, ta ɓare, saman tushen ya koma gari. An fi ganin haka a gaɓar da ke da zafi da fari. Maganinsa shi ne kada a bar tushe a buɗe yana shan rana, a rufe shi da wuri da kwalta mai kauri wadda ba ta barin danshi ya fita. Abin mamaki, gishirin nan da kansa ya zama kayan gini a Namibiya. Hanyar da ta tashi daga Swakopmund ta yi arewa a gefen teku ta shekara da shekaru tana matsayin hanyar gishiri: ƙasa mai jifsam (wani farin ma'adini mai laushi) da tsakuwa, a jiƙa da ruwan gishiri mai kauri a daɓe, ta yi sumul kamar kwalta. Irin wannan hanya tana aiki ne domin ruwan sama kusan babu a can, hazon teku kuma yana ba ta ɗan danshin da ke riƙe ta, ko da yake takan yi santsi idan hazon ya yi yawa. A kai wannan dabara gaɓar da ake tafka ruwa, damina ɗaya za ta wanke ta. Ina kawo misalin ne don a ga cewa ƙasar wuri ba a raba ta da yanayin wurin.

Akwai ƙasa iri uku da ya kamata a ji tsoronsu. Ɗaya ita ce mai ruɓaɓɓen ciyayi, baƙa mai wari, wadda ke hana siminti kamawa, tana kuma matsewa kamar soso. Ta biyu ita ce lakar da ke ƙarƙashin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Tana ɗauke da wani sinadari na ƙarfe da farar wuta wanda ba ya cutarwa muddin yana nutse. Da an haƙo shi ya sha iska sai ya haifar da asid mai cin kankare da ƙarfe, mai kashe kifi idan ya gangara rafi. Ta uku, ƙasa mai yawan salfet, wato wani nau'in gishiri mai farar wuta a cikinsa, idan aka zuba mata layim ko siminti, takan haifar da wasu ƙwayoyi masu kumbura idan sun sha ruwa, hanya ta yi tozo ta tsattsage bayan an gama an tafi. Ido ba ya gane waɗannan biyun na ƙarshe. Gwaji kaɗai ke nuna su.

Kayan gwajin kuwa ba sababbi ba ne, ba kuma masu tsada ba. Tun 1911 Albert Atterberg na Suwidin ya fitar da hanyar auna danƙon yumɓu. A 1933 Ralph Proctor ya nuna cewa kowace ƙasa tana da wani daidaitaccen danshi da take daɓuwa mafi kyau a kansa: ƙasa da haka ƙwayoyi ba sa zamewa su zauna, sama da haka ruwa ya tsare gurbin. Daga Kalifoniya aka samo gwajin CBR, mai kwatanta ƙarfin ƙasa da na fasasshen dutse. Akwai kuma sandar ƙarfe mai tsini da ake bugawa da guduma mai nauyin kilo 8, a ƙirga yadda take nutsewa, wadda mutum uku za su ɗauka su auna ƙarfin hanya a wurare da yawa cikin yini guda. Bukatar ita ce a yi gwajin da yawa, domin ƙasar gaɓa takan sauya cikin 'yan taku: nan tsohon tudun rairayi, can gaba tsohon kwarin kogi cike da laka.

To, idan ilimin yana nan tun da daɗewa, me ya sa ake ci gaba da jigilar dutse? A ganina babban dalili yana cikin littattafan ƙa'ida. Da yawansu suna cewa tushen hanya sai ya kai CBR 80, wato kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fasasshen dutse, bayan an jiƙa shi kwana huɗu, danƙonsa kuma kada ya wuce 6 a ma'aunin Atterberg. An tsara waɗannan ne don manyan hanyoyi masu ɗaukar dubban motoci, wasu kuma don ƙasashen da ƙanƙara ke daskarar da ƙasa. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya tana bin nauyin da ke kan ƙafafunta ta yadda idan nauyin ya ninka sau biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16. Ma'ana, ƙananan motoci da babura kusan ba sa taɓa tushen hanya. Hanyar da ba ta ganin motoci fiye da 300 a yini, yawancinsu ƙanana, yanayi ne ke kashe ta kafin taya. Ƙasashen kudancin Afirka sun gane haka, har suka fitar da jagora ta musamman a 2003 don irin waɗannan hanyoyi, wadda ta sassauta sharuɗɗan ƙasa ta tsananta na magudanar ruwa. Ko rufin sama ba dole ne sai da tataccen dutse ba. Rufin Otta, wanda aka fara a Norwe a farkon shekarun 1960 kuma Botsuwana ta yi amfani da shi sosai, kwalta ce mai taushi da ake watsa wa tsakuwar wuri yadda take, manya da ƙanana.

Amma wannan lissafin na sau 16 takobi ne mai kaifi biyu. Hanya mai kyau takan jawo manyan motoci, kuma tirela ɗaya da aka yi wa lodi fiye da kima, ta bi lokacin da ƙasa ke jiƙe, za ta yi ɓarnar da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Wanda zai gina hanya da yashi dole ya tambayi abin da za a riƙa ɗauka a kanta bayan shekara biyar. Idan akwai tashar jiragen ruwa ko wurin haƙar ma'adinai a ƙarshenta, wannan ba hanyar yashi ba ce.

Akwai kuma dalilin da ya shafi mutane. Injiniyan da ya bi littafi, hanya ta lalace, yana da mafaka. Wanda ya kauce ya yi amfani da jan yashi, ko da kwalbati ne ya toshe ya jawo lalacewar, shi za a nuna da yatsa. Ɗan kwangilar da ake biya bisa yawan kayan da ya ɗauko da nisan da ya yi kuwa ba shi da dalilin son ƙasar da ke gefen hanya. Sannan aikin ƙasar wuri ba ya yafe sakaci kamar yadda dutse ke yi. Siminti idan ya haɗu da ruwa, sa'o'i biyu zuwa uku ake da su a gama gaurayawa da daɓewa. Bayan haka dole a riƙe shimfiɗar da danshi har kwana bakwai, a kuma rufe ta da wuri, domin iska takan cinye ƙarfin samanta idan aka bar ta a buɗe. Tankar ruwa ta makara, ko rola ta rage zagaye biyu, ba wanda zai gani a ranar. Damina ce za ta tona.

Saura tambayar inda za a ɗebo ƙasar. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya tana cin yashi da tsakuwa kusan tan biliyan 50 a shekara, kuma wani kaso na fitowa ne daga bakin teku da koguna. Rairayin bakin ruwa da tuddan da ke bayansa su ne garkuwar gaɓa. Wanda ya kwashe su ya gina hanya, ya buɗe wa igiya ƙofar da za ta zo ta cinye hanyar. Haka murjanin da ke raye cikin ruwa yake karya ƙarfin igiya kafin ta iso, kuma haƙar ɓawon katantanwa daga tafkin Pontchartrain na Luwiziyana sai da aka hana shi a 1990 saboda yadda ya dagula ruwan. Wurin ɗiba na gari yana can baya, a tsofaffin tuddan yashi da teku ta bari tun da daɗewa, ko cikin yashin da aka riga aka yaso daga mashigin jiragen ruwa ake neman inda za a zubar, bayan an bar ruwan sama ya wanke masa gishiri. Ramin da aka haƙa kuma kada ya yi zurfin da zai kai ruwan gishiri ya ɓata rijiyoyin mutane, kada ya matso gindin ciko ya zama tafkin da zai riƙa shayar da hanyar ta ƙasa, sannan a adana ƙasar saman da aka yaye a mayar da ita idan an gama.